Madubin Bindigar Surukina

Saƙon ya zo ne ta bakin matata, kamar yadda kowane saƙo daga gidansu yake zuwa. Ina ofishinmu na kago, wato jigilar kaya, a Al Ras da ke Dubai, ina neman inda zan sa ƙafa tsakanin kwalayen takalma, sai wayata ta yi ƙara. Bayan mun gaisa ta ce, "Mama ta ce Baba ya ce a tambaye ka, wai ko a can ana samun madubin nan da ake ɗora wa bindiga."

Na ce, "Bindiga kuma?" A hankali na faɗa, har da waigawa, domin a ganina ba kalma ba ce da baƙo mai bizar aiki zai ɗaga murya da ita a ƙasar mutane, ko da kuwa da Hausa ne.

Lokacin ban daɗe da aure ba. Ita tana Kano, ni ina Dubai, ina kwana a wani falat a Abu Hail tare da wasu 'yan gida. Kullum da safe nakan hau jirgin ƙasa na cikin gari, na koren layi, wanda ba a daɗe da buɗewa ba, in sauka a Al Ras. Digirina a labarin ƙasa na yi shi, aikina kuwa ɗora kwali a sikeli da manna masa lamba. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Ko danƙon harbin tsuntsu ban iya ba ina yaro, don kullum ina tunanin inda dutsen zai sauka in ya kuskure.

Surukina tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Da ya yi ritaya sai ya koma gonarsa a bayan gari. Yana da wata tsohuwar bindiga mai lasisi, irin mai ƙaramin harsashi da ake kira tu-tu. Ba ta manyan namun daji ba ce. Ta gafiya ce da zomo da fakara, da razana biran da ke gangarowa daga dutse idan masara ta fara nuna. Matata ta ce tun tasowarta take ganinsa yana shimfiɗa buzu, ya warware ta, ya goge da man keken ɗinki, kuma ba mai taɓa masa ita.

To, idonsa ne ya fara gazawa. Abu mai nisa yana hango shi sarai, amma ɗan ƙarfen saiti da ke kusa da fuska ya koma masa dishi-dishi. Wata rana ya auna gafiya ya huda tankin ruwan gonar. Babban ɗansa, wanda dukkanmu muke kira Yaya, ma'aikacin banki ne mai son komai bisa ƙa'ida. Ya ce magana ta ƙare, yau tanki ne, gobe ba a san ko wane ne ba, a miƙa bindigar ga hukuma. Baba bai yi masa gardama ba. Ya ce a bar shi ya gwada da madubi. In har da madubin ma ya kasa samun abin da ya auna, a gaban Yaya, to shi da kansa zai naɗe ta ya kai. Aka ce a jira hutuna, tunda ya kusa.

Matata ta ce, "Ka dai gane. In aka raba Baba da bindigar nan, ba zai ƙara leƙa gonar ba. Zama zai yi a ƙofar gida yana kallon masu wucewa."

Na gane. Na kuma gane cewa wannan ne abu na farko da ya taɓa nema a wurina. Ni da Baba ba mu taɓa haɗa ido ba. Na san takalmansa fiye da fuskarsa. In na je gaisuwa daga soro nake tuɓe nawa, in durƙusa can nesa, in yi ta amsa "lafiya lau" ina kallon tabarma, har ya ce "madalla, a gaida mutanen gida," in fita da baya kamar mai gudun kada ya taka ƙwai. Lambar wayarsa tana wayata, amma don girmamawa na ajiye ta, ba don kira ba.

Na duƙufa karatu. Idan abokan aiki suka fita cin shinkafar Indiyawa da rana, ni sai in zauna gaban kwamfutar ofis ina karanta gardamar tsofaffin maharban Turai. Ina gamawa sai in goge tarihin shafukan da na buɗe, in sake dubawa ko ya gogu. Ba na cewa na zama gwani, amma ina jin na fahimci abin gwargwado. Ita irin wannan bindiga harsashinta a gefen gindi ake bugunsa, ba a tsakiya ba, ba ta da wani ƙarfi, ba ta tokarin kafaɗa, kuma ba ta zuwa nesa. Yawancin aikinta bai wuce nisan jifa ba. Don haka kusan kowa a cikin masu gardamar, in ka cire mutum biyu da suka fi son zagin juna, ya yarda cewa ƙaramin madubi ya fi dacewa da ita, mai jawo abu sau huɗu, mara nauyi, wanda zai zauna ƙasa-ƙasa a kan bindiga. Babban madubi na masu harbin nesa ne. In ka kalli abu na kusa da shi, ba ka ganin komai sai wani ɓangare na ganye yana rawa.

Sai kuma zobba, su ne maƙalai biyu da ke riƙe madubin a kan bindiga. Dole bakinsu ya dace da kaurin madubin. Dole tsayinsu ya hana gilashin gaba taɓa bututun bindiga, amma kada su yi tsayin da mutum zai ɗaga kumatunsa daga ƙota kafin ya gani. Dole kuma ƙafarsu ta kama wani ɗan tsagi da aka sassaƙa a bayan bindigar. Shi wannan tsagi iri biyu ne a kan irin waɗannan bindigogi, ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi, bambancin bai fi kaurin tsinken ashana ba. In ka ɗora zoben da ba nasa ba, zai yi kamar ya kama, sai an yi harbi kaɗan ya fara zamewa, ko ya karkace tun farko.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau bas zuwa babbar kasuwar 'yan Sin da ke wajen Al Warsan. Na yi ta yawo cikin fitilu da kayan banɗaki har na samu wani shago mai sayar da tantuna da tocila da kayan masu fita sahara. Ga madubai nan jere a cikin gilashi. Na wuce shagon, na dawo, na sake wucewa, sannan na shiga na fara tambayar kuɗin tocila. Mai shagon, wani mai gashin baki da ke haɗa Larabci da Turanci yadda suka zo masa, ya bi idona ya ga inda yake zuwa. Ya fito da madubai ya baje.

Na tambaye shi ko doka ta yarda a saya. Ya ce gilashi ne. Na sake tambaya ta wata hanya. Ya ce, "Habibi, gilashi ne a cikin bututu." Na ce to tsagin bindiga fa, ai iri biyu ne. Ya ɗaga zobba biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ce, "Sem-sem," wato duk ɗaya ne. Na ce a yadda na karanta ba ɗaya ba ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to wanne ne nawa. Nan na tsaya. Ban sani ba. Na sayi tocilar don kada in fita hannu banza.

Wanda bai san mu ba zai ce ai abin mai sauƙi ne, a kira mai bindiga a tambaye shi. Haka wani abokin zamana a falat, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya ce mini yana dariya. Ya ce shi surukinsa har ƙwallo suke musu a waya. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ni in ɗauki waya in kira Baba in ce masa ɗauko abin awo, juya bindigar, a'a ba nan ba, duba da kyau? Bakina ba zai iya ba. Yaya kuwa, wanda zai iya aunawa cikin minti ɗaya, shi ne mai son a karɓe bindigar, ban ga yadda zan sa shi aikin da zai rushe maganarsa ba.

Don haka tambayar ta bi hanyar da ta saba. Na gaya wa matata, ta gaya wa Mama, Mama ta jira Baba ya ci abinci ya sha ruwa ta gaya masa. Amsa ta biyo sawu ta dawo: Baba ya ce faɗin tsagin kamar karan dawa ne.

Na ce, "Wane karan? Na gindi ko na sama?"

Matata ta ce, "Kai ma dai. In koma in ce wa Mama ta tambayi Baba na gindi ko na sama?"

Na roƙe ta a auna da wani abu mai lamba. Mama ta faki idon Baba ya tafi masallaci, ta ɗauko tef ɗinta na ɗinki ta auna ba tare da ta sauke bindigar daga inda take rataye ba. Ta aiko cewa bai kai rabin inci ba. Na gode mata ƙwarai. Dukkan tsagin biyu ba su kai rabin inci ba. Na ce a duba sunan ƙasar da aka ƙera ta, don wannan zai iya nuna mini. Aka ce rubutun ya shafe da guga. Daga ƙarshe na ce a ɗauko mini hoto. Matata ta ɗauka daga bakin ƙofa, don ba ta shiga ɗakin Baba kai tsaye. Hoton ya fito da agogon bango sarai, da hular Baba a kan ƙusa, da wani dogon baƙin abu a gefe wanda zai iya zama bindiga, zai kuma iya zama lema.

Ina cikin wannan hali wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da ke aika kaya ta ofishinmu ya same ni ina kallon hoton. Mutum ne mai barkwanci, tun ranar da ya ji ina da digiri yake kirana Farfesa. Na ba shi labari, na nuna masa hoton ƙaramin madubin da na yanke shawarar saya.

Ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga fuskarsa. "Wannan ɗan abin? Farfesa, wannan za ka kai wa surukinka?"

Na ce, "Alhaji, a yadda na karanta, shi ne ya dace da irin bindigar."

"Ka karanta! Ka taso tun daga Dubai, mutane sun taru, ka buɗe jaka ka fito da abu kamar bututun zuba kananzir. Me za a ce? A ce yarinyar nan ta auri marowaci. Kai, ko turare za ka kai wa suruki ai babbar kwalba ake saya, ko da rabinta ruwa ne."

Na ce ai ba kwalliya za a yi da shi ba.

Ya ce, "Komai da za ka kai gidan surukai kwalliya ne. Yalla, tashi in raka ka. Dama ina da tayil da zan duba a can."

Ina so in ce ya rinjaye ni ne da hujja, amma ba wata hujja. Ya dai taɓa inda yake mini ƙaiƙayi. Tun kafin ya yi magana ina jin kunyar ƙaramin madubin nan a raina. Na riga na hango kaina durƙushe a soro ina tura ɗan kwali kamar na man goge baki.

Mai shagon ya gane ni, ya tambaye ni lafiyar tocila. Alhaji bai tsaya wata-wata ba, ya nuna mafi girma a cikin gilashin. Abu ne kamar taɓarya, gilashin gabansa kamar bakin kofi, da maɓallai ko'ina, har da wata jar fitila a ciki. Kwalinsa ma abin kallo ne, da hoton barewa a kan dutse. Alhaji ya kara shi a ido ya auna ƙarshen layin shaguna, ya ce, "Allahu akbar! Ga wata 'yar China can tana cin taliya, har ina ganin tsinken. Kalas, an gama, wannan za a ɗauka."

Na ɗauka. Amma da Alhaji ya fita amsa waya, na sunkuya na ce wa mai shagon ya ƙara mini da ƙaramin, ya naɗe shi daban a baƙar leda. Sai maganar zobba. Madubai biyu, kaurinsu ba ɗaya ba. Tsagi iri biyu, ban san nawa ba. Tsayi kuma akwai gajere, akwai matsakaici, akwai dogo. Na tsaya ina haɗa wannan da wancan a kaina, duk wanda na ce in bari sai wata zuciya ta ce shi ne za a nema a gona, inda ba shago. Daga ƙarshe na kwashi kusan kowane iri. Alhaji ya dawo ya tarar ana zuba mini su a jaka suna ƙara kamar kayan makaniki.

Ya ce, "Farfesa, bindigar surukin naka nawa ce? Ko barikin soja ka auro?"

Kafin tafiya na dami kowa da tambaya kan yadda ake wucewa da irin wannan kaya. Aka ce in sa a babbar jaka, in riƙe rasit, in kuma riƙe kwafin lasisin Baba, wanda shi ma sai da ya bi ta hannun Mama da matata kafin ya iso. Da muka sauka Kano ni na kai kaina wurin jami'in da ke duba kaya, na buɗe jakar tun bai tambaya ba, na fara bayani tun daga tankin ruwa. Ya duba takardar, ya duba madubin, ya saurare ni har inda haƙurinsa ya kai, ya ce in rufe jakata in ba na baya wuri.

Ran da na je gaisuwa babban kwalin na tura gaban Baba. Ƙaramin yana ƙasan jakata, a cikin baƙar ledarsa. Na ga hannuwansa sun buɗe kwalin, sun juya madubin, sun auna nauyinsa. Ya yi shiru kaɗan. Sannan ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka. An sha ɗawainiya." Mama ta leƙo ta yi ta sa albarka. Na fita ina jin kamar na ci jarrabawa, kodayake wannan ɗan shirun ya biyo ni har gida.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi gonar a motar Yaya, mu uku. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Baba ya shimfiɗa buzu a gindin wata ɗorawa, ya zare ƙarfen ɗuri daga bindigar, ya leƙa ciki, ya ajiye ta a gabana. Na juye jakar zobba a kan buzun. Yaya ya kalli tulin ya kalle ni, ya ce, "Ashe da shirinka ka zo." Na gwada na farko, ya yi sako-sako. Na biyu ya kama tsagin cif. Mai faɗin ne. Na ji daɗi ƙwarai, kamar ni na gano shi da ilimi ba da yawan saye ba.

Babban madubin bai yarda ya zauna ba sai a kan dogayen zobba. Da na gama ɗaurewa bindigar ta koma kamar jaki da aka ɗora wa kayan raƙumi. Yaya ya kafa wani tsohon gwangwanin man gyaɗa a kan kututture, bayansa tudun ƙasa, nisan da Baba ya ce nan gafiya ke fitowa. Aka ce a fara gwaji don a daidaita saiti, sannan a yi na gaske.

Baba ya ɗaga bindigar. Ni ina gefe, ina kallon ƙasa kamar yadda na saba, amma ta wutsiyar ido ina ganin abin da ke faruwa. Kumatunsa ba ya kan ƙota. Ya miƙe wuya kamar mai leƙen katanga, kansa yana gaba yana baya yana neman inda hoton yake. Bakin bindigar yana zana da'ira saboda nauyi. Ya harba. Ƙasa ta tashi can gefe. Na murɗa maɓallan yadda na karanta. Ya sake, ta tashi a ɗaya gefen. Ya sake, ba mu ma ga inda ta faɗa ba.

Yaya ya ce, cikin ladabi, "Baba, ko madubin ne bai yi ba?"

Ni na san amsar. Baba ma ya sani, tun ranar da ya auna nauyinsa a hannu. Amma sai na ji ya ce, "A'a. Madubi kam ba shi da laifi. Kaya ne mai kyau, an zaɓo. Idon ne." Ya sauke bindigar ya fara zare harsashi.

Sai a lokacin na fahimci abin da na yi. Na kawo masa abin da ba zai yi aiki ba don kada in ji kunya, shi kuma ba zai taɓa kushe tsarabar surukinsa a gaban ɗansa ba. Ya gwammace a ce idonsa ne. Zai naɗe bindigar da ya yi shekaru yana gogewa ya miƙa ta, don kada ni in muzanta. Ya ma fara jawo tsumman da yake naɗe ta.

Ban san yadda maganar ta fito ba. Na san dai na fara da kwana-kwana kamar kullum. Na ce, "Baba, wataƙila, in ba a damu ba, ina ganin kamar..." Sai na ga tsumman ya rufe rabin bindigar. Na ce, "Baba, madubin nan bai yi ba. Ba idonku ba ne. Na manyan bindigogi ne, ban kyauta ba da na kawo shi. Akwai wani a jaka."

Yaya ya ce, "Akwai wani kuma?"

Na fito da baƙar ledar. A kan buzun ƙaramin madubin ya ƙara ƙanƙancewa, har ni ma na ji tausayinsa. Na kwance babban, na zaɓo gajerun zobba daga cikin tulin, na ɗora shi ban matse ba. Saura abu ɗaya da na karanta wanda ban taɓa tunanin yadda zan yi shi da Baba ba. Kafin a matse, sai mai bindiga ya ɗaga ta ya kwantar da kumatunsa yadda ya saba, wani kuma ya tsaya dab da shi yana matsar da madubin gaba ko baya har tazararsa da ido ta yi daidai. Ba yadda za a yi wannan kana kallon tabarma.

Na roƙi a sake duba cewa ba harsashi a ciki. Baba ya duba, ya nuna mini. Ya ɗaga ta. Na matso gefen kafaɗarsa har ina jin ƙamshin man keken ɗinki da goro. Na ɗaga kai. Ashe yana da wani ɗan tabo a saman gira, kuma gashin girar duk ya yi fari. Na ce, "Baba, a rufe ido, a kwantar da kai. To, a buɗe. Ana ganin baƙi a gefe?"

Ya ce, "Akwai kaɗan."

Na matsar. "Yanzu fa?"

"Ƙara dai."

Na ƙara. Ya ƙura ido cikin madubin. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Tsaya nan. Ga gwangwani, har da tsatsarsa."

Na matse sukurorin a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, har ɗan makullin ɗaure su ya faɗi cikin ciyawa sai da muka nema. Harbin farko ya sauka ƙasa da kututturen. Na murɗa. Na biyu ya ci gefen itacen. Na sake murɗawa, na yi kuskuren juyawa ta inda ba nan ba, na ba da haƙuri, na gyara. Daga nan Baba ya ce a bar taɓawa. Ya dubi Yaya ya ce, "To, na gasken ke nan."

Gwangwanin ya yi ƙara ya wuntsila bayan kututture. Yaya ya je ya mayar da shi. Ya sake wuntsilawa. Yaya ya dawo da shi a hannu yana duba ramukan, kusa da juna suke. Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce shi dai ba ya son a yi harbi ta wajen tanki ko ta wajen hanya, kuma baɗi in Allah ya kai mu za a sake gwadawa.

Baba ya ce, "Allah ya kai mu." Yana zuba wani harsashin, bai ɗago ba. "Kai shi can gaban tudun, wajen kukar nan."

Yaya ya dubi nisan wurin, ya dubi taɓon da ke tsakani, ya dubi takalmansa na zuwa ofis. Ya naɗe ƙafar wando ya kama hanya.